Waiwaye: Yadda Naƙasassu Suka Samu Kujera a Majalisun Garuruwan Ontariyo, da Iyakar Ikon Kujerar

Ranar 1 ga Janairun 2025 ita ce wa'adin da dokar lardin Ontariyo na ƙasar Kanada ta yanka wa kanta tun shekara 20 kafin nan, cewa zuwa wannan rana makaho da kurma da mai keken guragu za su riƙa shiga gini, su hau mota, su nemi aiki, su sayi kaya ba tare da wani tarnaƙi ba. Ranar ta zo ta wuce, kuma har yanzu a tsofaffin titunan kasuwanci na Toronto da na ƙananan garuruwa akwai kantunan da matakala guda ɗaya tak ke hana mai keke shiga. Wannan ne ya sake tayar da muhawara a kan abin da ya hana ruwa gudu, kuma cikin abubuwan da ake yi wa tambaya akwai kwamitocin ba da shawara da majalisun garuruwa suka kafa domin wannan aiki. Wanda ya tsinci zancen daga tsakiya zai ɗauka kwamitocin sabon abu ne da aka gwada bai yi ba, alhali sun haura shekara 20, kuma ƙarfinsu da rauninsu duka an rubuta su ne a rana guda, a cikin wata doka da yanzu ba kasafai ake tunawa da ita ba.

Farkon labarin sananne ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 1981 domin naƙasassu. Kundin 'yancin ɗan ƙasa na Kanada na 1982 ya sanya naƙasa cikin abubuwan da aka hana nuna wariya a kansu, sashen kuma ya fara aiki a 1985. Dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ontariyo ta yi irin wannan gyara a farkon shekarun 1980. Sannan Amurka ta yi tata babbar dokar kare naƙasassu a 1990. Matsalar tsarin Kanada na wancan lokaci ita ce haƙƙi yana kan takarda, amma sai wanda aka cuta ya kai ƙara da kansa, ƙofa bayan ƙofa, gini bayan gini, kuma shari'a ɗaya tana iya cin shekaru. Saboda haka a ƙarshen 1994 wasu naƙasassu suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar neman doka ta musamman, wadda David Lepofsky, wani lauya makaho, ya jagoranta. A watan Oktoban 1998 majalisar dokokin lardin ta amince baki ɗaya da ƙa'idoji 11 da ya kamata irin wannan doka ta ƙunsa.

Daga nan masu ba da tarihi sukan yi tsalle zuwa 2005, shekarar da aka yi dokar sauƙaƙa wa naƙasassun Ontariyo da aka fi sani da AODA, mai wa'adin 2025. Abin da ake tsallakewa shi ne dokar naƙasassun Ontariyo ta watan Disamban 2001. Masu fafutuka ba su gamsu da ita ba, kuma suna da hujja: ta tsaya ne a kan ma'aikatu da majalisun garuruwa da asibitoci da makarantu da sufurin jama'a, ba ta taɓa 'yan kasuwa ba, kuma abin da ta fi nema shi ne a rubuta shiri duk shekara. Da dokar 2005 ta zo sai aka ɗauki ta 2001 a matsayin zangon da aka yada a hanya. Amma a ganina nan ne aka yi mararrabar da ta fi tasiri ga abin da mutum ke gani a titin unguwarsu, domin a cikinta ne aka fara wajabta wa kowane gari mai mutum 10,000 ko fiye ya kafa kwamitin ba da shawara kan sauƙaƙa wa naƙasassu, ko ya ci gaba da wanda yake da shi, kuma aka shardanta cewa mafi yawan mambobin kwamitin su kasance naƙasassu ne da kansu.

Wannan sharaɗi na rinjaye ba ƙaramin sauyi ba ne. Kafin nan, al'adar da aka saba da ita kusan ko'ina ita ce likita da jami'in jin daɗin jama'a da mai ƙungiyar agaji su zauna su yanke abin da ya dace da naƙasasshe, shi kuma a kira shi ranar bikin buɗewa. Dokar 2001 ta ce wanda zai tura keken ko ya lalubi hanya da sanda shi ne zai fi yawa a teburin. Ta kuma ba kwamitin aiki takamaimai guda biyu da suka wuce zaman shan shayi. Na farko, dole majalisar gari ta nemi shawararsa a kan duk ginin da za ta saya, ko ta gina, ko ta yi wa babban gyara, ko ta ɗauka haya sabo. Na biyu, kwamitin yana da ikon zaɓar zanen filin gini da masu gine-gine suka miƙa wa gari domin neman izini, ya duba shi kafin a fara tona harsashi, kuma wajibi ne majalisa ta ba shi zanen a kan lokaci.

Wanda ya taɓa zama a kan irin wannan takarda ya san abin da ake kamawa a wurin. Za a ga an ware wa naƙasassu wurin ajiye mota, amma a can ƙarshen fili, ta yadda mai keke zai bi ta bayan motocin da ke ja da baya, direbobinsu ba sa hango shi saboda yana zaune ƙasa. Za a ga gangaren hawa ya kai mutum ga ƙofar da ke buɗowa waje, babu shimfiɗaɗɗen wurin tsayawa a sama, don haka yana jawo ƙofar keken zai koma da shi baya. A ƙasar da dusar ƙanƙara ke kwana watanni a ƙasa, tambayar inda za a tara ƙanƙarar da aka share tana da nauyi, domin sau da yawa a kan sassauken bakin titi ake jibge ta, wato daidai inda keke ke sauka. Duk waɗannan gyaransu a kan takarda jan layi ne kawai, amma bayan an zuba kankare sai an fasa, kuma da wuya a samu mai gini da zai yarda ya fasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan sashe na dokar ya fahimci haka sarai.

Sai dai a wannan doka ɗin ne aka kafa iyakokin da har yau ba a matsar da su ba. Majalisa za ta nemi shawara, amma babu inda aka ce sai ta bi, babu kuma inda aka ce idan ta ƙi bi ta bayyana dalilinta a rubuce. Mambobin galibi 'yan sa kai ne da majalisar da suke ba shawara ta naɗa, suna zama lokaci-lokaci, yayin da zanen gini ke tafiya da nasa wa'adin ko kwamiti ya zauna ko bai zauna ba. Dokar ba ta ware musu kuɗin ɗaukar ƙwararren da zai karanta musu zane ba, saboda haka ƙarfin kwamiti ya danganta ga ko gari ya ba shi ma'aikaci mai kula da shi. Sannan ga ma'aunin mutum 10,000: Ontariyo na da majalisun garuruwa 444, kuma fiye da rabinsu ba su kai wannan adadi ba. Su an bar musu zaɓi, in sun so su kafa kwamiti ko su haɗa gwiwa da maƙwabta, in ba haka ba su tuntuɓi naƙasassu ta wata hanya. Ƙananan garuruwan nan kuwa su ne masu tsofaffin gine-gine da ƙarancin motocin haya da yawan tsofaffi.

Da aka zo yin dokar 2005, wadda majalisar lardin ta amince da ita ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, hankali ya koma kan manyan abubuwa: shigo da 'yan kasuwa ciki, kafa ƙa'idoji na dole, da tarar da ke iya kai wa dalar Kanada 100,000 a kowace rana ga kamfanin da aka samu da laifi. Sashen kwamitoci kuwa an kwaso shi kusan yadda yake aka sa a sabuwar dokar. Ƙa'idojin da suka biyo baya sun ƙara wa kwamitocin aiki: dole a tuntuɓe su a kan tsarin tashoshin bas da rumfunansu, da yawan tasi masu ɗaukar keken guragu da gari ke buƙata, da filayen wasan yara, da hanyoyin shaƙatawa, da wuraren ajiye mota a bakin titi. Aiki ya ƙaru sosai, matsayin kuwa yana nan a kan shawara kamar yadda aka bar shi a 2001.

Akwai kuma giɓin da ya fi kowanne girma, wanda babu kwamitin da zai iya cike shi komai himmarsa. Ƙa'idojin wuraren jama'a da gyaran da aka yi wa dokar gini, wanda ya fara aiki a 2015, sun shafi sabon gini ne da wanda aka yi wa babban gyara. Tsohon kanti da ba a taɓa shi ba babu zanen da zai je gaban kowa. Shi ya sa tun 2011 wata ƙungiya a Toronto mai suna StopGap ta fara ƙera ƙananan gangare na katako masu launi mai haske, ana ajiye su a ƙofar kantuna masu matakala ɗaya. Aiki ne mai kyau da ya buɗe ƙofofi da dama, kuma yawan katakan a titi yana nuna faɗin wurin da doka ba ta kai ba.

Dokar 2005 ta tanadi a riƙa naɗa mai bincike mai zaman kansa yana duba inda aka kwana, kuma an yi haka sau 4. Na uku shi ne David Onley, tsohon wakilin masarauta a lardin, wanda cutar shan inna ta kama tun yana yaro. Rahotonsa na 2019 ya nuna cewa naƙasassu na ci gaba da cin karo da shingaye a rayuwarsu ta yau da kullum. Rahoton mai bincike na huɗu, Rich Donovan, na 2023 ya ɗauki lamarin a matsayin na gaggawa. Ke nan tun kafin Janairun 2025 an san ba za a cika wa'adin ba. Mutanen da abin ya shafa kuwa ba 'yan kaɗan ba ne, domin ƙididdigar Kanada ta 2022 ta nuna kashi 27 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa sama suna da wata naƙasa, kimanin mutum miliyan 8.

Mai karatu a Najeriya zai ga wani abu da ya sani a nan. Kanada da Najeriya duka sun tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, kuma dokar Najeriya ta haramta nuna wa naƙasassu wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ita ma ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, ita ma ta kama batun zanen gini. Sai dai ta bi ta wata hanya dabam: ta ɗora nauyin a kan jami'in da ke amincewa da zanen, da tarar aƙalla naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 2 ko duka biyu idan ya amince da wanda ya saɓa ƙa'ida. Ontariyo ta zaunar da mai lalurar a gaban zanen ba tare da ta ɗaure kowa da maganarsa ba. A nawa ra'ayin kowane tsari yana riƙe da abin da ɗayan ya rasa, kuma ƙaramin gyaran da ya fi dacewa da na Ontariyo shi ne a wajabta wa majalisa amsa kowace shawara a rubuce, a bainar jama'a, kafin a ba da izinin gini.

Wasu lardunan Kanada sun bi sahu. Manitoba ta yi tata dokar a 2013. Noba Skoshiya ta yi a 2017, ta yanka wa kanta wa'adin 2030, ta kuma umarci garuruwanta su kafa kwamitoci waɗanda aƙalla rabin mambobinsu naƙasassu ne ko wakilan ƙungiyoyinsu. Birtish Kolombiya ta yi a 2021, kuma daga Satumban 2023 ƙananan hukumominta suka shiga ƙarƙashin wajibcin samun kwamiti da shiri da hanyar karɓar koken jama'a. Gwamnatin tarayya ta sa wa tata dokar ta 2019 wa'adin 2040. A Noba Skoshiya da Birtish Kolombiya duka, matsayin da aka ba kwamitocin garuruwa shi ne wanda Ontariyo ta ba nata a 2001, wato na ba da shawara.