PSI: Lambar da Masu Tallar Famfon Keke Ke Ruɗa Mutane da Ita

Duk mai tallar famfon keke a Facebook ko TikTok yanzu ba ya rufe baki sai ya ce "wannan PSI ɗinsa 160 ne", kamar dai yana faɗin ƙarfin inji. Masu saye ma sun ɗauka, har ka ji wani na shirin doguwar tafiya a keke yana neman "famfo mai PSI da yawa". Abin yana ba ni haushi, domin lambar ba ta auna kyawun famfo ko kaɗan.

PSI ma'aunin matsin iska ne: nauyin fam nawa iskar ke dannawa a kan fili mai inci ɗaya tsawo, inci ɗaya faɗi. Fam ɗaya bai kai rabin kilo ba. Wasu geji, wato agogon auna iska, kuma da "bar" suke ƙirga, kuma bar 1 kusan PSI 14.5 ne. Tayar ƙaramar mota na zama a wajen 30 zuwa 35. Siririyar tayar keken tsere kan kai 100. Tayar keken tafiya, mai ɗan faɗi da ke ɗaukar kaya, galibi tsakanin 50 da 70 take so. To me mai irin wannan keke zai yi da famfon da ke iya kai 160?

Ga inda ruɗanin yake. Idan bakin abin da ke tura iska a cikin famfo ya kai faɗin inci ɗaya a murabba'i, kafin ka kai PSI 100 sai hannunka ya danna nauyin fam 100, wato kusan kilo 45, a kowane bugu. Ba kowa ke iya wannan a tsaye a bakin titi ba. Saboda haka masu ƙera famfo sai su tsuke bututun: a rage girman filin bakin da rabi, ƙarfin da ake bukata ya ragu da rabi. Amma iskar da ke shiga a bugu ɗaya ita ma ta ragu da rabi. Wato famfon da ya fi kowa babbar lamba sau da yawa shi ne mafi siriri, kuma cika faffaɗar taya da shi kamar cika randa ne da cokali. Wanda ƙaya ta huda wa taya da azahar tsakanin Kano da Zariya ba babbar lamba yake bukata ba, famfo mai kauri yake bukata, wanda zai tayar da tayar kafin rana ta gama da shi. Ni a ganina, mai ɗan tiyo na roba da wurin taka ƙafa ya fi, domin wanda ake maƙalawa kai tsaye yakan lanƙwasa bawul idan hannu ya gaji ya fara jijjiga.

Kuskure na biyu yana jikin tayar kanta. Lambar da aka rubuta a gefe iyaka ce, ba umarni ba. Wasu masu faci sai sun ɗure taya ta koma kamar dutse sannan su ce ta sha iska. A hanyar burji ko rairayi, irin wannan taya tsalle take yi, ta gajiyar da kai da keken. Ga kuma zafi: tayar da aka bai wa 60 da sanyin asuba na iya ƙara kusan 6 idan rana ta take a watan Afrilu. Amma kada a yi sakaci ta ɗaya ɓangaren. Iska ta yi kaɗan, ka faɗa rami da kaya a baya, ƙarfen ƙafar zai matse tiyub ya yi masa huda biyu a jere. Tayar baya a ƙara mata kaɗan fiye da ta gaba, tunda ita ke ɗauke da nauyin.

Kuma duk wannan lissafi banza ne idan bakin famfon bai shiga bawul ɗinka ba, abin da masu talla ba sa ambata. Bawul iri uku ne: Schrader, mai kauri irin na mota da babur, Presta, siriri mai ɗan noti a kai, sai Dunlop na tsofaffin kekuna irin Raleigh da Phoenix. Mai faci a ƙauye da wuya ya sami bakin Presta, don haka mai irin wannan keke ya sa ɗan mahaɗin tagulla da ke mayar da shi Schrader a aljihu. Tiyub na ajiya ma a duba lambarsa da kyau, saboda "inci 28" iri biyu ne, akwai 622 na kekunan zamani, akwai 635 na tsofaffin. A haɗa da faci, da sholisho wanda ba a taɓa buɗewa ba, don buɗaɗɗe bushewa yake a cikin jaka, da ƙarfen cire taya guda biyu, da wayar birki ɗaya.