Jagoranci da sauyin al'umma a Jamhuriyar Nijar

Sauyin al'umma mai zurfi shi ne canjin da ya shiga ɗabi'ar mutane da mu'amalarsu, har ya ci gaba da tafiya bayan shugaban da ya kawo shi ya sauka, ko kuɗin da aka ware dominsa sun ƙare. A Nijar, masu ƙarfin kawo irin wannan canji sun haɗa da gwamnatin da ke Yamai, da sarakunan gargajiya tun daga sultan har mai gari, da malaman addini, da kotuna, da ƙungiyoyin farar hula, da kuma manyan ayyukan raya ƙasa na ƙasashen waje, waɗanda talakawa ke kira furoje. Tarihin ƙasar daga 1974 zuwa yau ya nuna cewa umarni daga sama kan motsa jama'a na ɗan lokaci, amma abin da ya fi daɗewa shi ne canjin da ya taɓa haƙƙi: wa ke da itace, wa ke da gona, wa ke da ikon kansa.

Zamanin Kountché da samariya

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, ƙasa tana cikin fari da yunwa. Kountché ya hana jam'iyyu, ya nemi wata hanyar isa ga talaka. Ya farfaɗo da samariya, tsohuwar ƙungiyar matasan gari mai sarkin samarinta, ya ɗora ta tare da ƙungiyoyin manoma a matsayin ginshiƙan tsarin da aka kira al'ummar ci gaba. An kafa ƙungiyar addinin Musulunci ta ƙasa a 1974, ta mata a 1975, dukansu a ƙarƙashin idon gwamnati. Samariya ta gina azuzuwa, ta share gari, ta yi gayya a gonaki. Sai dai ƙarfinta na mai mulki ne. Kountché ya rasu a watan Nuwamba 1987, kuma da aka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa a farkon shekarun 1990, samariya ta watse, filayenta suka koma wuraren biki da taro.

Abin da ya rage daga wancan zamani shi ne wanda mutane suka riga suna so. Gasar kokowar gargajiya ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, har gobe tana tsayar da kasuwa, kowace jiha tana neman takobin da ake ba zakaran gasar.

Itatuwa, daga na gwamnati zuwa na manomi

Babu misalin da ya kai na itatuwa bayyana yadda hukuma ke canza al'umma, da yadda take hana ta canzawa. Dokar gandun daji da Faransa ta kafa wa ƙasashen Afirka ta Yamma a 1935, da ta Nijar ta 1974 da ta gaje ta, sun sa muhimman itatuwa a ƙarƙashin kariyar hukuma, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Manomi na iya shan tara don ya sare reshen gawon da ya tsiro a gonar kakansa. Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani. Itacen da ba naka ba, wanda kuma zai iya jawo maka ma'aikacin gandun daji, gara ka tumɓuke shi tun yana ƙarami. Ga kuma koyarwar malaman gona ta lokacin, wadda ta ɗauki gona mai tsabta, babu ko kututture, a matsayin alamar manomin kirki.

Kare itace da ƙarfin sarauta ba baƙon abu ba ne a ƙasar. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Dalilin a fili yake ga duk manomi: gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ƙasar gindinsa ta fi taki, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Bayan farin shekarun 1970, hukumomi suka fara da dashe. An mai da ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, ranar dashen itace. A kwarin Majiya, cikin yankin Buza na jihar Tawa, ƙungiyar agaji ta CARE da ma'aikatan gandun daji sun fara jera layukan dogon yaro a 1975 domin tare iskar da ke kwashe ƙasa. Layukan sun kama, sun yi girma, amma da lokacin sassabe ya zo sai tambaya ta taso: itacen na mai gona ne, ko na gari, ko na hukuma? Sai da aka zauna aka shata yadda za a raba.

A watan Mayu 1984 gwamnati ta kira babbar muhawara ta ƙasa kan hamada a Maraɗi, inda aka amince cewa ba za a ci nasara ba sai da hannun mazauna karkara. A shekarar ne kuma furojen Keita, a yankin Adar na jihar Tawa, ya kankama, da kuɗin Italiya, da ƙwararrun FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da abincin hukumar abinci ta duniya da ake biyan ma'aikata da shi. An yi madatsun ruwa, an haƙa ramuka a jikin tuddan Adar, an jera duwatsu, an dasa miliyoyin itatuwa a faƙon da aka fid da rai da shi. Mafi yawan masu aikin mata ne, domin mazan Adar da dama sun tafi cin rani Abijan da Najeriya. Wannan shi kaɗai ya canza wani abu a ƙauyukan, tunda mace ce ke dawowa gida da abin sawa a tukunya. Keita ta nuna abin da kuɗi da injuna da tsari za su iya yi, amma aiki ne mai tsada wanda ba kowane yanki zai samu irinsa ba.

Dabarar da ta fi yaɗuwa kusan ba ta cin ko dala. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ɗin Kirista na SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sassabewa kowace shekara, su sabara da kalgo da gawo, suna fitowa ne daga saiwoyin tsofaffin itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi aka bari, aka rage sauran, itace zai tashi cikin ƴan shekaru ba tare da ban ruwa ba. Wannan shi ake kira sassaben zamani. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, mutane suka bar itatuwa masu yawa a gonakinsu. Da rabon ya tsaya, aka sare mafi yawansu. Waɗanda suka bari ne suka ga amfanin, maƙwabta suka gani a gonarsu, abin ya bi kasuwa da hanyar biki ya bazu. Haka tassa, ramukan da ake zuba wa taki su riƙe ruwan sama, ta yaɗu a Illela bayan wasu manoman yankin sun je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 ƙarƙashin wani furojen IFAD, asusun duniya na raya noma, sun gani da idonsu. Har ta kai mutane na sayen faƙon da dā ba mai so ko kyauta.

Ina rawar gwamnati a nan? Wani ɓangare nata, abin mamaki, rauninta ne. Faɗuwar farashin yuraniyom da rikicin siyasar shekarun 1990 sun rage yawon ma'aikatan gandun daji a karkara, manoma suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu. Doka ta biyo sawu daga baya. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya amince da mallakar ƙasa ta hanyar gargajiya, ya kafa kwamitocin filaye da sarakuna ke zama a cikinsu. Sabuwar dokar gandun daji ta zo a 2004, sannan a 2020 aka fitar da ƙudurin da ya tsara sassaben zamani ya kuma tabbatar wa manomi amfanin itacen da ya raina. Masu bincike da suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Babu wani shirin dashe na hukuma da ya kusanci wannan adadi.

Lafiyar yara

A nan kuwa gwamnati ce ta ja gaba. Shirin musamman na Shugaba Tandja Mamadou ya gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka da kuɗin yafe bashi, kuma a 2006 aka mai da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Tare da rabon gidan sauro da kula da tamowa, mutuwar yaran wannan rukuni ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Raunin tsarin shi ne jinkirin da baitulmali ke yi wajen biyan asibitoci kuɗin maganin da suka bayar, abin da kan bar kantocinsu wayam.

Mata, kujeru da dokar iyali

Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka cika titunan Yamai, suna ƙin yarda da mace ɗaya tak da aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa da zai tsara komawa mulkin dimokuraɗiyya. An ƙara musu kujeru, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar. A 2000 aka kafa dokar kaso, wadda ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na naɗe-naɗe. Majalisar 1999 tana da mace ɗaya cikin ƴan majalisa 83. Ta 2004 ta samu 14 cikin 113. An ɗaga kason a 2014, aka sake ɗagawa a 2019.

Kujera abu ce da doka ke iya rabawa da alƙalami. Cikin gida ya fi wuya. Daftarin dokar iyali ya ci karo da adawar ƙungiyoyin addini a 1994 aka jingine shi, majalisa ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata a 2006, wani yunƙurin na 2011 shi ma bai kai labari ba. Masu adawa sun ga abin a matsayin kaya daga waje da aka ƙulla ba da malamai ba. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata sun yi aure kafin shekara 18. Ganin haka ne wasu hukumomi suka canza salo, suka bi ta ƙofar sarakuna da limamai da magidanta, kamar makarantar mazaje da UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, ta fara a jihar Damagaram, inda maza masu mutunci a gari ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, su ja hankalin ƴan'uwansu.

Bauta da wahaya

Turawan mulkin mallaka sun haramta cinikin bayi a takarda tun farkon ƙarni na 20, amma bautar gado ta ci gaba a wasu al'ummomi, ana yi ba a faɗa. Ƙungiyar Timidria, wadda sunanta ke nufin ƴan'uwantaka a harshen Buzaye, ta kafu a 1991 ƙarƙashin jagorancin Ilguilas Weila, ita ce ta fasa ƙwan. Matsin lambarta ya taimaka aka gyara kundin hukunta laifuka a 2003, bauta ta zama laifin da ɗaurinsa ke iya kai shekara 30. Duk da haka hukumomi ba su so a yi ta maganar. A watan Maris 2005 an shirya bikin ƴanta mutane 7,000 a Inates, kusa da iyakar Mali, aka fasa a ƙurarren lokaci, daga baya aka tsare Weila na wani lokaci.

Shari'ar da ta girgiza lamarin daga jihar Tawa ta fito. An sayar da Hadijatou Mani a 1996, tana da shekara 12, a kan sefa 240,000, ta zama wahaya, wato macen da ake riƙewa bayan mata huɗu na aure, ba sadaki, ba haƙƙin matar aure, ga aikin gida da na gona. A 2005 wanda ke riƙe da ita ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ai matarsa ce, ba inda za ta. Da ta auri wanda take so, kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure. Da taimakon Timidria da lauyoyi ta kai ƙarar ƙasarta gaban kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO ko ECOWAS, wadda ta zauna a Yamai, ta kuma yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Gwamnati ta karɓi hukuncin.

Nauyin wannan hukunci yana kan alƙalai ne, domin laifin da aka kama ƙasa da shi shi ne cewa alƙalanta sun ga bauta a gabansu suka ɗauke ta a matsayin rikicin aure na al'ada. A 2014 wata kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu kan riƙe wahaya, karo na farko da aka yi haka, kuma a 2019 babbar kotun ƙasa ta rufe shari'ar Hadijatou da tabbatar da cewa riƙon wahaya ba aure ba ne a idon doka. Masu fafutika na ci gaba da ba da rahoton al'adar a yankunan Ƙonni da Madawa da Buza da Illela, inda kan iyaka ke kusa, kuma wasu ƴan matan akan ƙetara da su Najeriya, inda hannun kotunan Nijar ba ya kaiwa.