Waiwaye: Akuyar da ba ta da wuri a lakkol

Tun bayan ruwan ƙarshen Agustan 2024 da ya rusa gidaje a Maraɗi ake ta ja-in-ja kan abu guda: in an kwashe mutane zuwa azuzuwan lakkol, ina za a kai bisashensu? Wasu na cewa ana ta rai, wa yake ta akuya. Maganar kuwa ba yau ta faro ba.

Kowa ya san ambaliyar 1945, lokacin da Gulbi ya cinye tsohon gari a fadama, jama'a suka hau tudu. Masu sauraren rediyo kuma sun ji guguwar Katrina ta 2005 a Amurka, inda wasu suka ƙi barin gida saboda karnuka da kyanwoyinsu, har aka yi doka a 2006 cewa shirin kwashe jama'a ya haɗa da dabbobin gida.

A ganina, inda tamu maganar ta juya shi ne farin 1973 da na 1984. Garken shanu ya ƙare a daji, mutanen ƙauye suka kwararo gari, kiwo ya dawo tsakar gida. Mace ta kafa turke bayan ɗakinta, ta ɗaure jar akuya, irin tamu ta Maraɗi mai yawan tagwaye, tana ba ta dusa da harawa. Da ita ake zubin adashi, da ita ake haɗa kayan ɗakin 'ya, in ciwo ya faɗo cikin dare ita ake ja kasuwa da safe. Ragon layya ma a nan yake ƙiba. Akuya ta zama asusun gida, amma lissafin agaji ya ci gaba da ƙirga kawuna da tabarmi da buhunan gero kaɗai.

Shi ya sa za ka ga dattijuwa ta kai jikoki lakkol, magariba na yi ta koma kwana gindin katangar ƙasa da ta jiƙe sharkaf. Ka ce mata, "Inna, katangar nan faɗuwa za ta yi," ta ce, "Ɗana, wa zan bar wa su?" Masu gudun zawo da wari a filin lakkol ma suna da gaskiyarsu, tunda a 2024 sai ƙarshen Oktoba yara suka koma aji. Da akwai garka ɗaya ta ɗaure bisashe kusa da masaukin, da mai gadi da randar ruwa, da Inna ta kwana cikin jikokinta.