Tiyatar tsiron hanci ba ta raba mutum da magani

Mutane da yawa sun ɗauka da an cire tsiron naman da ke toshe hanci, an rabu da ciwon ke nan, sai su ajiye maganin feshi. Kuskure ne. Tiyata tana buɗe hanya, amma kumburin da ya haifar da tsiron yana nan, kuma idan aka bar shi tsiron kan dawo.

Wasu kuma da sun ji cewa maganin feshin sitiroyid ne, wato maganin rage kumburi, sai su tuna "sha ka fashe". Akwai bambanci. Ƙwayar sitiroyid ta sha, irin prednisolone, ta ɗan lokaci ce: likita kan ba da ita kwana 5 zuwa 7 kafin tiyata, don tsiron ya motse, zubar jini ya ragu, ya riƙa ganin wurin aiki sosai. Tana ɗaga sukarin jini, tana hana barci, don haka mai ciwon sukari ya sanar da likita tun farko.

Feshi irin mometasone kuwa kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini, shi ya sa ake daɗewa a kansa. A fara wanke hanci da ruwan gishiri, a sunkuyar da kai kaɗan, a karkata bakin kwalbar wajen kunne. Fesa wa bangon tsakiyar hanci yana jawo haɓo.