Waiwaye: Fim ɗin Gattaca da tarihin auna mutum da jininsa

A watan Oktoban 1997 aka saki fim ɗin Gattaca a gidajen sinima na Amurka, kuma bai yi kasuwa ba. An kashe kimanin dala miliyan 36 wajen shirya shi, abin da ya shigo daga masu kallo a Amurka bai kai miliyan 13 ba. Amma har yau, duk sa'ad da aka taso da maganar taɓa ƙwayoyin gado na ɗan'adam, a jarida ko a ajin jami'a, sai an ambaci sunansa.

Andrew Niccol, ɗan ƙasar New Zealand, shi ya rubuta labarin kuma ya ba da umarni. A duniyar da ya ƙaga, masu son haihuwa asibiti suke zuwa, a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaje-gwaje, likita ya zaɓa musu wanda ya fi nagarta. Vincent, wanda Ethan Hawke ya fito a matsayinsa, an yi cikinsa ne yadda aka saba tun fil'azal. Yana faɗowa aka ɗibi ɗigon jini daga dunduniyarsa, na'ura ta karanto cewa yiwuwar ciwon zuciya a jikinsa kashi 99 ne cikin 100, kuma ba a sa ran zai wuce shekara 30 da 'yan watanni. Uban, da ya ji haka, sai ya fasa ba shi sunansa, ya ajiye wa ɗa na biyu da za a zaɓo a asibiti. Yaron ya tashi da burin zama ɗan sama jannati, amma aikin da ya samu a kamfanin zirga-zirgar sararin samaniya shi ne shara da goge-goge. Daga nan ya sayi shaidar wani gwanin ninƙaya mai suna Jerome, mai jini na ƙin ƙarawa, wanda ya koma kan keken guragu. Jerome ke ba shi jini da fitsari da gashi don tsallake gwaji, shi kuwa kullum da asuba sai ya kankare jikinsa kada ɓurɓushin fatarsa ya tona masa asiri. Silin gashin ido ɗaya da ya faɗi a ofis shi ya kusa rusa komai.

A cikin fim ɗin ma doka ta haramta wariya saboda jini. Kamfanoni dai ba sa bin ta, domin abin da suke nema suna samunsa a yawun da aka liƙe ambulan da shi ko a mariƙin ƙofa. Wannan ɓangaren ya fi damuna fiye da duk na'urorin da aka nuna, don shi ne wanda ya riga ya faru.

Tunanin da ke ƙarƙashin labarin ya girmi sanin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da rubutun gado a cikin ƙwayoyin jiki. A 1883 wani Baturen Ingila, Francis Galton, ɗan'uwan Charles Darwin, ya raɗa wa aƙidarsa suna “eugenics”: a ƙarfafa wa “nagartattu” gwiwa su hayayyafa, a rage haihuwar waɗanda ake ganin ba su cika ba. Ya duba gidajen alƙalai da manyan malamai ya ga 'ya'yansu ma sun shahara, sai ya ce ai gado ne a jini. Mu ma muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai Galton bai ba da nauyin da ya kamata ga dukiya da makaranta da ƙofofin da sunan uba ke buɗewa ba, waɗanda su ma gadonsu ake yi.

Amurka ce ta fara mayar da wannan ra'ayi doka. Jihar Indiyana ta kafa dokar yi wa mutane tiyatar hana haihuwa bisa tilas a 1907, jihohi kimanin 30 suka bi sahu. A 1927 maganar ta kai Kotun Ƙoli a shari'ar wata yarinya 'yar jihar Bajiniya, Carrie Buck, wadda aka tsare a gidan masu raunin ƙwaƙwalwa bayan ta yi ciki. Alƙalai takwas cikin tara suka amince a ɗaure mata mahaifa, mai shari'a Oliver Wendell Holmes ya rubuta cewa zuriya uku ta dolaye ta isa haka. Binciken da aka yi daga baya ya nuna fyaɗe wani ɗan'uwan mariƙanta ya yi mata, aka tura ta can don rufin asirin gida. 'Yar da ta haifa, Vivian, ta shiga makaranta har sunanta ya fito a jerin ɗalibai masu ƙoƙari, kafin ta rasu tana da shekara takwas. Mutane sama da 60,000 aka yi wa irin wannan tiyata a Amurka. Jamus ta Hitila ta kafa tata dokar a Yulin 1933, ta yi wa kimanin mutum 400,000, kafin ta zarce zuwa kisa. Suwidin ma ta ci gaba da yi har tsakiyar shekarun 1970.

Duk wannan an yi shi ne da zato da ƙiyasi, ba wanda ya iya karanta abin da ke cikin jini. Cutar da ta fara buɗe wannan ƙofa ita ce wadda muka fi kowa sani, wato sikila. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin sinadarin da ke ɗaukar iska a jajayen ƙwayoyin jini. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffar DNA, bisa hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. Nan da 'yan shekaru Vernon Ingram ya gano cewa bambancin mai sikila da mai lafiya a gurbi ɗaya tak yake a jikin wannan sinadari.

Abin da ya biyo baya darasi ne. Pauling ɗin nan, mai lambar Nobel har biyu, ya ba da shawara a 1968 cewa a yi wa masu ɗauke da ƙwayar cutar tambari a goshi, don kada biyu su haɗu su ƙulla soyayya. A farkon shekarun 1970 wasu jihohin Amurka suka wajabta gwajin, kuma baƙaƙen fata aka nufa. Jama'a da hukumomi suka kasa bambance mai AS, wanda lafiyarsa ƙalau, da mai SS da ke fama da ciwo. Wasu kamfanonin inshora suka ƙara wa masu AS kuɗi, wasu kamfanonin jiragen sama suka hana su aiki a cikin jirgi, kwalejin horar da hafsoshin sojan saman Amurka kuma ta rufe musu ƙofa har zuwa 1981. Ashe tun kafin a rubuta labarin Vincent akwai samari na gaske da aka hana su tashi sama saboda sakamakon gwajin jini, alhali ko ciwon kai ba sa yi.

Lokacin da fim ɗin ya fito, kimiyya ta riga ta yi nisa. An haifi Louise Brown, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwanta a ɗakin gwaje-gwaje, a Ingila ranar 25 ga Yulin 1978. A 1990 likitocin asibitin Hammersmith da ke Landan suka fara gwada ƙwan da aka haɗa kafin a dasa shi a mahaifa, don kauce wa cutar gado. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da gagarumin aikin karanto dukkan haruffan gado na ɗan'adam, kimanin biliyan uku, aikin da ya ci kusan dala biliyan uku aka kammala shi a 2003. A Fabrairun 1997 aka sanar da tunkiya Dolly, wadda aka kwafo daga ƙwayar jikin wata tunkiya. Hankalin duniya ya tashi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a shekarar, ta haramta kwafar ɗan'adam, UNESCO kuma ta fitar da sanarwa a Nuwamba cewa ba a nuna wa kowa bambanci saboda ƙwayoyin gadonsa.

Sanarwa ba ta hana komai ba. A 2001 aka kama kamfanin jiragen ƙasa na Amurka, Burlington Northern Santa Fe, yana yi wa ma'aikatan da suka kawo ƙorafin ciwon hannu gwajin gado a ɓoye, da fatan ya ɗora laifin a kan jininsu ya kauce wa biyan diyya. Ya biya dala miliyan 2.2 aka sasanta. 'Yar majalisa Louise Slaughter ta gabatar da ƙudurin hana irin wannan wariya tun 1995, amma sai a Mayun 2008 Shugaba George W. Bush ya sa masa hannu. Dokar ta kare mutum a wurin aiki da inshorar lafiya, ta bar inshorar rai a buɗe.

Likitocin Gattaca galibi zaɓe suke yi cikin abin da iyaye suka riga suka bayar. Ikon gyara rubutun kansa ya zo da sauƙi ne a 2012, lokacin da Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a yi amfani da CRISPR, wani makamin da ƙwayoyin bakteriya ke kare kansu da shi, a yanke DNA a daidai inda ake so. Sun sami Nobel a 2020. Kafin nan, a Nuwamban 2018, wani masanin ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar cewa an haifi tagwaye mata da ya taɓa ƙwayoyin gadonsu tun suna ƙwai, wai don kare su daga HIV. Yaran ba su da wata cuta da ta buƙaci haka, kuma canjin da ya yi zai iya bin zuriyarsu. Kotu a Shenzhen ta ɗaure shi shekara uku.

Sikila ce kuma ta zama cuta ta farko da aka amince a yi maganinta da CRISPR. Birtaniya ta amince da Casgevy a Nuwamban 2023, Amurka ta bi a Disamba. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin majinyaci, a gyara su yadda za su koma ƙera irin sinadarin jinin da ɗan tayi ke amfani da shi a ciki, a ba shi magani mai ƙarfi ya share tsofaffin ƙwayoyin ɓargo, sannan a mayar masa da gyararrun. Gyaran a jikinsa ya tsaya, ba ya bin 'ya'yansa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2. A Najeriya, inda ake haifar kimanin jarirai 150,000 da sikila duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, iyaye da yawa ba su ma san halin da jaririnsu ke ciki ba sai ya fara kumburin hannu da ƙafa, kuma kuɗin maganin haidroksiyuriya na wata-wata kan gagare su.

Zaɓen ƙwai irin na fim ɗin ma ya shigo kasuwa. Kamfanoni a Amurka, irin su Genomic Prediction da Orchid, suna karɓar kuɗi su ba kowane ƙwai maki a kan yiwuwar ciwon suga ko ciwon zuciya ko kansa. Matsalar ita ce waɗannan ba kamar sikila ba ne da ke rataye a gurbi ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya duba mutum sama da miliyan biyar, ya gano wurare fiye da 12,000 da ke da hannu a tsayin mutum kaɗai. Duk da haka abin da suka bayyana na bambancin tsayi kimanin kashi 40 ne a tsakanin Turawa, a sauran al'ummomi kuwa tsakanin kashi 10 zuwa 20, domin yawancin jinin da aka gina lissafin a kansa na Turawa ne. In tsayi da ake aunawa da awo ya yi wannan wuya, ina ga basira ko juriya?

Ana yawan kallon Gattaca a matsayin labarin himma. Vincent ya kayar da ƙanensa a gasar ninƙaya a teku saboda bai rage ƙarfin dawowa ba, Jerome kuwa da aka zaɓa masa komai ya zo na biyu a gasa ya kasa jure abin. Ina son wannan ɓangaren, kuma gaskiya ne cewa ƙiyasi ba ƙaddara ba ne, ajali kuma ba a na'ura yake ba. Sai dai himmar Vincent ba ta wadatar da shi ba. Sai da ya sami dillalin da ya haɗa shi da Jerome, ya yarda aka yanka ƙafafunsa aka ƙara musu tsawo, sannan a ranar tashi zuwa Titan, ɗaya daga cikin watannin duniyar Saturn, wani likita da ya daɗe da gano shi ya kawar da kai, saboda nasa ɗan ma bai zama yadda aka yi masa alƙawari ba. Mutum ɗaya ya tsallake, abokan shararsa suna nan inda ya bar su. Samarin da aka hana shiga kwalejin sojan sama ma ba himma suka rasa ba, ƙa'idar aka canza sannan suka shiga.

A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Kano, har da gwajin sikila, kuma dokar ta haramta tsangwamar masu cutar. Ina goyon bayan gwajin. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai ciwon ƙashi ba zai raina wannan lissafi ba. Amma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma tun 1954 Anthony Allison ya nuna dalilin yawansu: ƙwayar tana kare yaro daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Waɗannan miliyoyin mutane lafiyayyu ne, za su iya aure da aikin soja da tuƙa jirgi. Takardar sakamakon ta masu niyyar auren ce da likitansu da wanda doka ta ce a nuna wa kafin ɗaurin aure. Mai ɗaukar aiki da shugaban makaranta da kamfanin inshora ba su da hurumin tambayarta, kuma ya kamata wanda aka tambaya ya san ofishin da zai kai ƙara.