Direbobin na'ura a Linux, Windows da macOS

Direba, a harkar kwamfuta, ƙaramar manhaja ce da ke yin tafinta tsakanin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta da wani sashe na jikinta, kamar firinta, katin hoto, kyamara ko katin Wi-Fi. Idan babu shi, na'urar tana nan a jone, wuta na shiga, amma kwamfuta ba ta san yadda za ta yi mata magana ba. Masu gyara a kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas kan ce kwamfuta "ba ta ga" na'urar ba. Ko za ta gani ko ba za ta gani ba, ya rataya ne a kan wanda ya rubuta direban da kuma wanda ya ɗauki nauyin kula da shi bayan an daina sayar da na'urar. A nan ne manhajoji masu 'yanci irin su Linux suka raba hanya da na mallakar kamfani, wato Windows da macOS.

A Windows

Kamfanin da ya ƙera na'ura shi ke rubuta mata direba, Microsoft ya gwada ya sa hannu, a raba ta Windows Update ko a shafin kamfanin. Tun daga Windows Vista na 2007, nau'in 64-bit ba ya karɓar direban da zai shiga cikin zuciyar manhajar sai yana ɗauke da sa hannun da aka amince da shi. Da yake mafi yawan kwamfutocin ofis da na gida Windows suke ɗauke da shi, ba mai ƙera firinta ko kyamara da zai fitar da kaya kasuwa bai tanadi direbansa ba.

Matsalar tana zuwa ne da tsufa. Rubutun asalin direban yana hannun kamfani shi kaɗai, ranar da ya ga babu sauran riba a tsohuwar sikana, shi ke nan an bar ta. Na'urori da yawa masu lafiya sun zama tarkace ta haka lokacin da Vista ya canza tsarin direbobin hoto da na sauti. Windows 11 da ya fito a Oktoban 2021 ya zo da wani shingen: yana neman cip ɗin tsaro na TPM 2.0, kuma a ɓangaren cip ɗin Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, jerin da aka amince da shi ya fara ne, in ban da ƙalilan, daga zubi na 8. Aka kuma rufe tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Barin kamfanonin waje su shiga zuciyar manhaja yana da nasa haɗarin. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, har jirage suka kasa tashi a ƙasashe da dama.

A macOS

Apple ne ke ƙera kwamfutar, shi ne kuma mai manhajar, don haka abin da ke cikin akwatin ba ya ba da wahala. Iyakar tana bayyana idan aka zo da kayan waje. Tun macOS Mojave na 2018 babu direban sababbin katunan hoto na kamfanin NVIDIA. Bayan komawar kamfanin kan cip ɗinsa na M1 a 2020, masu son ɗora Linux a kan waɗannan kwamfutoci sai da suka kafa aikin Asahi Linux, suna binciko yadda cip ɗin ke aiki da kansu, ba tare da takardun bayani daga Apple ba.

A Linux

Linus Torvalds ya fara zuciyar Linux, wadda ake kira kanel, a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Mafi yawan direbobi a cikin kanel ɗin suke zaune, ƙarƙashin lasisin GPL, kowa na iya karanta rubutunsu ya gyara. Shi ya sa mai ɗora nau'in Linux irin su Ubuntu ko Linux Mint a kan tsohuwar laftof ta ThinkPad yakan tarar da sauti, kyamara da intanet suna aiki tun tashin farko, bai sauke komai ba.

Masu kula da kanel sun ƙi yi wa direbobin waje alkawarin cewa hanyoyin da direba ke bi ya yi magana da kanel za su tsaya yadda suke. Suna canza su duk lokacin da suka ga buƙata, kuma wanda ya yi canjin shi ke gyara duk direbobin cikin kanel da abin ya taɓa. Direban da ke ciki yana tafiya da zamani ko da kamfanin da ya ƙera na'urar ya mutu. Wanda aka riƙe a waje kuwa yana iya karyewa da kowace sabuntawa. Da gangan aka yi haka don a ja kamfanoni su kawo direbobinsu ciki. A 2007 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da kanel, ya yi tayin rubuta wa kowane kamfani direba kyauta in dai zai ba da bayanan na'urarsa.

Intel da AMD sun bi wannan hanya, direban amdgpu na katunan hoton AMD ya shiga kanel a 2015. NVIDIA ya daɗe yana riƙe da nasa a rufe, abin da ya sa Torvalds ya caccake shi a bainar jama'a a Jami'ar Aalto a 2012. Sai a Mayun 2022 kamfanin ya buɗe ɓangaren da ke shiga kanel, na katunan zubin Turing zuwa sama, sauran kuma ya ci gaba da zama a rufe.

Akwai wata gardamar a tsakanin masu goyon bayan 'yanci su kansu. Na'urori da yawa, musamman katunan Wi-Fi, ba sa farkawa sai an loda musu wata 'yar manhaja ta kamfani da ke aiki a cikin cip ɗin. Direban a buɗe yake, ita kuwa a rufe. Rarrabe-rarraben Linux irin su Trisquel sun ƙi ɗaukarta sam. Debian ya shafe shekaru yana ajiye ta gefe, har mambobinsa suka kaɗa ƙuri'a a 2022, Debian 12 na 2023 ya fito da ita a cikin faifan girkawa. Kafin nan, sabon shiga kan tsinci kansa yana neman intanet don sauke abin da zai ba shi intanet.

Yadda abin yake a kasuwar Legas

Kaso mai yawa na laftof ɗin da ake sayarwa a layin Otigba da kewayensa, da kasuwar Alaba, tokumbo ne: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama. Irin waɗannan su ne Linux ya fi sani, domin kusan komai a cikinsu na Intel ne, kuma sun daɗe a hannun masu rubuta kanel. Da yawansu zubi na 6 ne ko na 7, wato ba sa cikin jerin Windows 11. Masu gyara sun iya tsallake shingen su ɗora shi, sai dai Microsoft bai yi wa irin wannan girkin alkawarin sabuntawa ba. Ɗalibi daga Agege ko Idi-Araba da abin da yake so bai wuce rubutu, bincike da koyon rubuta manhaja ba, Linux zai riƙe masa tsohuwar kwamfutarsa tsawon shekaru. Akwai kuma sauƙin data, tunda ba sai ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya yana saukewa ba.

Lissafin yana juyawa ga mai shagon buga takardu. Firintocin da suka fi arha sukan bar wa kwamfuta aikin da ya kamata su yi da kansu. Canon LBP2900 tana magana da wani harshe na kamfanin mai suna CAPT, saita ta a Linux aiki ne na mai haƙuri. HP LaserJet 1020 sai an loda mata 'yar manhajarta duk lokacin da aka kunna ta, ko da yake kunshin HPLIP na kamfanin yana yin hakan in an ƙara masa abin da ake buƙata. Sababbin firintoci masu bin ƙa'idar IPP Everywhere ko AirPrint ba sa neman direba na musamman a kowace manhaja. Abin lura, CUPS da ke tafiyar da bugu a Linux asalinsa ɗaya da na macOS, Apple ya saye shi a 2007.

Masu gyaran waya sun fi kowa ɗaure da Windows. Yawancin akwatuna da manhajojin da ake yi wa waya filashin da su don Windows aka rubuta su. Ko a can ɗin ma ba a tsira ba: tsofaffin direbobin MediaTek, cip ɗin da ke cikin wayoyin Tecno da Infinix da yawa, sukan ƙi shiga sai an kashe binciken sa hannu na ɗan lokaci. Modem ɗin USB na kamfanonin sadarwa kuwa yakan fara bayyana a matsayin faifan CD mai ɗauke da direban Windows, a Linux wata manhaja mai suna usb_modeswitch ce ke juya shi ya koma modem. Linzami, kibod, filash da yawancin kyamarorin USB suna bin ƙa'ida ɗaya ta gama-gari, ba ruwansu da wace manhaja aka tarar.

Gane abin da ke ciki

Sunan da ke jikin kwali ba ya faɗin komai game da direba. Ƙananan na'urorin Wi-Fi na USB guda biyu masu suna ɗaya da kwali ɗaya suna iya ɗauke da cip daban, ɗaya ya yi aiki nan take, ɗayan ya ƙi. Kowace na'ura tana da lambar maƙerinta. A katunan cikin kwamfuta 8086 ta Intel ce, 10DE ta NVIDIA, 10EC ta Realtek, 14E4 ta Broadcom, wadda katunanta na Wi-Fi suka daɗe suna wahalar da masu Linux. Ana ganin lambobin a Device Manager na Windows, a Linux kuma da umarnin lspci ko lsusb.

Mai saye yana iya zuwa kasuwa da filash mai ɗauke da Linux, ya tayar da laftof ɗin daga filash ɗin ba tare da ya taɓa abin da ke cikin ma'ajiyar kwamfutar ba, ya gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, Bluetooth da maɓallan hasken allo kafin ya biya. Idan katin Wi-Fi ne kaɗai ya ƙi, a yawancin tsofaffin laftof ɗin ofis ana kwance shi da sukurudireba a sa na Intel, sai dai wasu tsofaffin HP da Lenovo suna da jerin katunan da suka yarda da su a cikin BIOS, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, in aka sa wani daban ba sa tashi.