Daidaiton baki biyu: abin da maharba ke nufi da shi

A Maraɗi idan aka ce bindiga mai baki biyu, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne ta harbin zabi da kurciya, mai watsa ƙananan harsasai. Akwai wata mai kama da ita a ido, amma kowane baki nata yana da tsagi murɗaɗɗe a ciki, kuma harsashi ɗaya tak yake fitarwa. Ita ce ta manyan namun daji irin su ɓauna, wadda Holland & Holland na Landan, Merkel na Jamus da Chapuis na Faransa suke ƙerawa. A kanta ake maganar daidaito.

Daidaito shi ne a sa harsashin bakin dama da na hagu su faɗa kusan wuri ɗaya a wata tazara da aka zaɓa, galibi mita 50 zuwa 100, alhali saiti ɗaya ne a kan bindigar. Abin ba shi da sauƙi. Da an ja kunamar bakin dama, bindigar takan fizgu zuwa sama da kuma ɓangaren dama tun harsashin bai fita ba. Na hagu kuma ya ja ta hagu. Shi ya sa maƙeri ba ya jera bakunan a miƙe kafaɗa da kafaɗa. Yakan ɗan karkato su zuwa juna, ya cusa ɗan ƙarfe a tsakani, ya liƙe da dalma, ya harba, ya duba, ya narke, ya gyara, ya sake harbawa. Wannan jeka-ka-dawo na daga cikin abin da ya sa kuɗinta ya yi tsada.

To amma da harsashi iri ɗaya aka yi aikin, mai nauyi ɗaya da gudu ɗaya. A nau'in harsashin da ake kira .470 Nitro Express, nauyinsa kusan garam 32 ne, yana fita da gudun mita 655 a daƙiƙa. Canja shi, lissafi ya rushe. Harsashi marar sauri yakan daɗe a cikin baki, fizgar ta kwashe shi, sai ka ga huda biyu sun yi nesa da juna a jikin kwalin da ake auna, ta dama can dama, ta hagu can hagu. Mai saurin da ya wuce kima kuwa yakan fice kafin fizgar ta kai inda aka yi mata lissafi, sai hudojin su gitta: bakin dama ya huda hagu. Masu cika kwanson harsashinsu da kansu a Turai da Amurka da wannan suke karatu. Suna riƙe nauyin harsashi, su riƙa motsa albarushi kaɗan-kaɗan cikin iyakar da aka rubuta, har hudojin su zo gefe da gefe. Wuce iyakar nan ganganci ne, domin irin wannan bindigar da ake karyawa a tsakiya ba ta jure matsin da mai sakata (wadda ake kulle harsashinta da sakatar ƙarfe) take jurewa.

Zafi ma yana da hannu. Harsashin da ya wuni cikin mota a ranar Afrilu irin tamu, da ma'auni ya haura 40, yakan ƙara gudu.

Sai riƙo, inda na fi ganin ana zaluntar bindiga a ce ba ta da kyau. Idan aka ɗora bakinta kai tsaye a kan dutse ko buhun yashi, fizgar ta canja, daidaito ya tafi. Tafin hannu ake sa wa a ƙarƙashin katakon gaba, bayan hannun ne yake hawa majingina, gindin kuma ya zauna daram a kafaɗa. A harba dama, a bi da hagu cikin 'yan daƙiƙu, sannan a bar ƙarfen ya huce, domin ɗayan bakin idan ya yi zafi yakan miƙe ya ja ɗan'uwansa.

Ni dai abin da ya sa nake ɗaukar maganar da nauyi shi ne dabbar. Harbi na biyu an tanade shi ne don kada a bar ta da rauni ta shige ƙungurmi tana jan ƙafa. A Nijar doka mai lamba 98-07 ta 1998 ce ke tsara farauta, sai da takardar izini, kuma gandun Gadabeji da ke Dakwaro, inda aka mai da raƙuman dawa a 2018, ba a harbi a cikinsa sam.